Tsatsa a Likkafanin Hajiya Ige

Ku yaran yanzu kun ɗauka wankin farin kaya ba sana'a ba ce. A tara ruwa a baho, a tsiyaya maganin farin kaya na kwalba, a jefa riga, a tafi hira, a dawo a tarar ta yi fari fat. Kwanaki wata jikata ta ce mini wai wannan ko ido rufe za ta yi shi. Na ce ta miƙo mini farin ɗankwalinta na makaranta, wanda bai ko shekara ba. Na kama gefe da gefe na ɗan ja, ya dare biyu kamar takarda. Na miƙa mata abinta ta gani da idonta, don ni ma haka aka koya mini.

Sunana Kulu. Fari kawai nake wankewa, tun ina budurwa har hannuwana suka daina iya matse zane. Kaya masu launi ban taɓa karɓa ba, akwai masu yin su. A Argungu na koya, wurin Gwaggo Tumba, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni. Duk rawanin da ya yi haske a sahun gaba ranar Juma'a a wancan zamani, ta hannunta ya bi.

Shekarata ta farko ban taɓa tufar kowa ba. Toka nake yi. Ba kowace toka ba, ta karan gero, wadda ta ƙone ta yi fari, don tokar wasu itatuwa da jan ruwa take zuwa. A shimfiɗa tsohon tsumma a cikin kwando, a zuba tokar, a ɗora kwandon a bakin tukunya, a riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan yana ɗiga. Idan na gama Gwaggo ta zo ta tsoma yatsu biyu ta murza ta ji santsinsa, ta ɗan taɓa a harshe ta tofar. In ya yi rauni ba zai cire maiƙo ba. In ya yi ƙarfi zai ci zare, ya ci fatar hannu. Ranar da ban daidaita ba, ba ta faɗa, ba ta duka. Ɗaukar tukunyar take ta juye a ƙasa a gabana ta koma wurin zamanta. Na fi son a doke ni da wannan.

Bayan toka sai ruwa. Gwaggo ba ta yarda da ruwa don kawai ido ya ga yana da kyau. A farar tasa take ɗiba ta ajiye, ta dawo ta duba abin da ya kwanta. Akwai rijiyoyin da ruwansu ke da ɗanɗanon ƙarfe, in ka saba wanke fari da shi sai ya koma kalar haƙorin mai cin goro. Da rani gulbi muke zuwa, wurin da yake gudu a kan rairayi, mu shiga sama da inda masunta ke wanke kifi.

Amma asalin aikin a shanya yake. Idan an yanke shinkafa, fadama ta ɗan tsane, ciyawa ta fito kore shar, nan muke kai kaya tun raɓa ba ta tashi ba. Da sabulunsu a jiki ake shimfiɗa su, ba a ɗauraye ba. Kuma ba a barin su bushe. Ƙwarya na hannunki na hagu, kina yayyafi da na dama, kin kai ƙarshen layi na farkon ya fara bushewa, ki koma. Ki juya, ki yayyafa, ki juya. Rana ce ke yin farin, ke mai ba ta ruwa ce, kuma mai gadi. Akuya na son sabulu. Shanu ba ruwansu da rigar liman. Tsuntsu daga sama yake ɓata aiki. Yaran masunta da ƙafafun laka sun fi dukansu. Har yau in na zauna a tsakar gida idona ba ya tsayawa wuri ɗaya, jikokina na cewa ina sa musu ido. Ba su na fara sa wa ba.

Rigar farko da Gwaggo ta bar mini ni kaɗai ta wani mahauci ce, ta zuwa masallaci, da tabon goro daga wuya har ciki. Na ɗora ruwan zafi. Ta taso ta sauke tukunyar, ta ce, “Zafi ɗaure tabo yake, ba ya kwance shi.” Daga wannan riga na fara sanin kowane tabo da abin da yake tsoro. Jini ruwan sanyi da gishiri. Manja sabulu da rana, zai tafi da kansa. Tawadar allo ba ta da gardama. Zufar hammata ruwan toka mai ɗumi. Tsatsa kuwa, wadda ta fi duka taurin kai, ba ta jin toka, ba ta jin sabulu. Lemun tsami da gishiri take ji, sai rana mai zafi a kansu. In babu rana, lemun banza ne. Bula, shuɗin wanki, a ƙarshe, a ƙulle a tsumma a kaɗa cikin ruwa sau kaɗan. Wadda ta cika bula tana ɓoye ƙazanta ne, kuma ana ganewa.

Aure ya kai ni Birnin Kebbi. Bayan rasuwar maigidana na buɗe sana'ar sosai, da ita na ciyar da yara. A lokacin ba a ba mu jiha ba, komai sai an je Sakkwato, ma'aikata daga can ake turo su. Su ne masu shadda da farin yadi, ba su da mata a kusa, suna son sitaci ya tsaya kamar kwali. Akwai malamai masu rawani. Akwai manoman Zauro, waɗanda da yawansu farar riga ɗaya gare su, ta Juma'a da Sallah da ɗaurin aure, kuma kullum da baƙar lakar fadama a gindinta. Su na fi kula wa, don wanda yake da guda ɗaya in ka ɓata ta ka tsirara shi. Daga riga nakan san gidan da ake ci da mai, da wanda aka fara jinya, da wanda ya koma shan taba a ɓoye. Ban taɓa kai zancen wani gida wani gida ba. Mai wanki da baki ba ta daɗewa.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce shekarar da kwalbar ta cika kasuwa. Da ma akwai ta, amma sai asibiti da gidajen manya. Wannan shekara har mai tebur yana sayarwa. Samarin da ke wanki da guga a bakin tasha suka gano ta. Ka ba su riga da safe, la'asar ka karɓa tana ɗaukar ido. Ni kuwa sai na ce ka dawo jibi, in rana ta fito. Ma'aikata suka fara tafiya, malamai suka bi. Sannan damina ta zo da malka irin wadda aka daɗe ba a gani ba. Gulbi ya cika ya yi ja, fadama ta nutse, sama ta rufe kamar an kifa kwano. Na koma surfen shinkafa a gidajen mutane don a ci.

A bakin kasuwa akwai shagon Mama Uche, mutuniyar kudu ce da ta daɗe a garin har Hausarta ta koma irin tamu. Wurinta nake sayen bula da sabulu. Wata rana ta ga na tsaya ina hararar kwalaben da ta jera.

“Kulu mai toka,” ta ce, “hararar ga ba ta fasa kwalba. Ke kaɗai kinka rage a garin ga.”

Na ce, “Mi ne ne ma sunan abin?”

“Bilic.”

“Mi yake nufi? Ko sunan mai shi ne?”

Ta yi dariya har ta dafa tebur. Ta ce a makarantar mishan da ta yi a ƙasarsu akwai wata tsohuwar sista Baturiya da ke koya musu wanki, ita ta gaya musu kalmar ta girmi kwalbar nesa ba kusa ba. A tsohon Turanci ma'anarta a sa abu ya koɗe ya yi fari. Wai a garin su sistar, kakanninta a ruwan toka suke jiƙa yadi, su sa shi a nono mai tsami, su shimfiɗa a ciyawa rana da raɓa su yi ta aiki a kansa. Wannan aikin shi suke kira da sunan. Sai daga baya aka samo maganin, sunan ya bi shi cikin kwalba.

Na ce, “Ashe Turawan ma aikin Gwaggo Tumba suke yi.”

“Shi suke yi,” ta ce. “Amma sun gaji da jiran rana. Ke ma dubi sama.”

Na dubi sama. Ba ta yi ƙarya ba. Na sayi kwalba ɗaya. Ni ban iya karatu ba, ita ta karanta mini abin da ke jiki: murfi ɗaya a bokiti, a ɗauraye sosai. Ta ce babu mai bi, kwarara shi suke kamar nono a fura. Na kai gida na gwada a tsummoki kafin ya taɓa kayan kowa. Ya cire manja, ya cire zufa, ban musa ba. Na bar wani tsumma a cikinsa ba ruwa, na dawo ya yi laushi yana rabewa a hannu. Na samo wani mai tabon tsohuwar ƙusa na ɗiga masa. Tsatsar ba ta tafi ba. Ƙara duhu ta yi, ta zauna daram. Na riƙe wannan a kaina.

Cikin wannan malka ne saƙo ya zo daga Argungu, ta bakin wani direba, cewa Ma'u ɗiyar Hajiya Ige ta ce in zo ko ina cikin me. Hajiya Ige maƙwabciyar Gwaggo ce, a gabanta na girma, Inna nake ce mata. Ma'u kuwa tare muka yi wasan ƙasa. Na ɗauka rasuwa ce. Na ɗaura zane na shiga mota.

Na tarar Hajiya na kwance, ta rame ƙwarai, ba ta tashi sai an tayar. Ma'u ta ja ni ɗakinta ta rufe ƙofa, ta buɗe wani baho. Warin kwalba ya buge ni tun kafin in ga abin da ke ciki.

Kowa a unguwar ya san farin saƙin da ke cikin bahon. Hajiya Ige gwanar kaɗi ce, zarenta siriri kamar gashi. Da hannunta ta kaɗa audugar, ta kai wa wani masaƙi a Gulma ya saƙa, aka harhaɗa ƙyallayen ya zama dogon fari. Da Allah ya kira ta Makka ta tafi da shi, ta tsoma shi a Zamzam, ta shanya a can, ta dawo da shi a matsayin likkafaninta. Ta kuma zo da Zamzam a ɗan gwangwani liƙaƙƙe, irin wanda alhazai ke kawowa a da. Don albarka ta ƙaru, sai ta naɗe gwangwanin a cikin farin, ta sa a ƙasan akwatin ƙarfe, ta hana kowa taɓawa. Shekaru suka yi ta wucewa. Gwangwanin ya yi tsatsa ya huje, ruwan ya tsiyaye a hankali. Da ciwo ya yi nauyi ta ce a fito da shi ta gani, sai ga jan zobe, girman gindin gwangwanin, ya bi ninki bayan ninki. Na ciki baƙi-baƙi, na waje suna raguwa.

Ma'u ta ɓoye wa uwar, ta ce tana shanya shi ne. Ta aika aka sayo kwalba, ta kwarara a kan zobban da suka fi muni, ta bar shi ya jiƙu. Don ƙauna ta yi, kuma abin da kowa ke yi ke nan a lokacin.

Na ɗaga gefen da ya sha maganin. Yatsana ya wuce ta ciki.

“Kulu, ki rufa mini asiri,” ta ce. “Yaya Garba ya ce a sayo alawayyo sabo a naɗe, a ce mata shi ne.”

Na ce, “Matar da ta kaɗa zare da hannunta za ki ba alawayyon kanti? Ko a mace sai ta gane. Ɗauko mu tahi.”

Ta riƙe ƙofa, na ture hannunta. Muka kai shi ɗakin Hajiya muka shimfiɗa a gaban gadonta. Hajiya ta daɗe tana kallo. Ta sa aka miƙa mata gefen da maganin ya ci, ta murza, ya marmashe a yatsunta. Ma'u ta durƙusa tana kuka.

“Ke, aje kukan ga,” Hajiya ta ce, “za ki buƙace shi kwanan nan.” Ta juyo gare ni. “Ɗiyar Tumba, gaya mini gaskiya. Mi ya rage?”

Na ce, “Inna, wanga gefen ya mutu, sai almakashi. Ya fi kamu biyu. Sauran tsatsar tana fita in an samu rana. Ba zai yi farin kanti ba, amma zai yi farin da kinka sani.”

“In anka yanke, ya ishe ni?”

Wannan ban sani ba, na kuma gaya mata ban sani ba. Ita kuwa ta yi shekaru tana yi wa matan unguwa sutura, ta san awon a ka. Ta ce a sauko da ita. Muka sauke ta kan tabarma, ta miƙe ƙafafu, ta jera hannuwa a gefe, ta rufe ido. Ma'u ta ce, “Haba Inna, don Allah!” Ta buɗe ido ɗaya ta ce, “Auna, ba ki ga ina jira ba?” Na auna da kamu, tana lissafa mini daga kwance: nan zane, nan riga, nan kallabi, nan na naɗewa, a bar na ɗauri. Ya isa, da ɗan rara kamar tafin hannu.

“Sanda na auna shi ina da jiki,” ta ce. “In na wuce kasuwa har masu kifi ke rage mini. Yanzu ƙashi ya rage. Allah ya san abin da ya sa ya ramar da ni. Yanke.”

Na yanke. Ma'u, da muryarta ƙasa-ƙasa, ta ce, “To in anka wanke, Zamzam ɗin fa? Ba ya fita?” Hajiya ta juya fuska bango.

Na ce zan tafi da shi Birnin Kebbi inda kayan aikina suke. Hajiya ta ce ba inda za shi. “In mai zuwa ya zo, in ce mishi ya jira motar Birnin Kebbi?” Na ce tsakar gidan babu ciyawa, sai laka da kaji. Muka yi ciniki kamar ana sayen akuya, har ta yarda ya kai wani tudu da ke bayan katangar gidan, inda ciyawa ta fito.

“Nan ana jin gida,” ta ce. “In kin ji kuka, ki naɗo shi ko da jiƙe ne.”

Haka na zauna a Argungu, na bar 'yan kayan da suka rage mini a Birnin Kebbi, na san wasu ba za su jira ni ba.

Abu na farko shi ne fitar da maganin, don in ya rage a zare ci gaba yake da ci ko bayan ya bushe. Gulbi ja ne, rijiyar gidan mai ƙarfe ce. Sai ruwan sama, kuma ba wanda ya biyo kwanon rufi ba, don shi ma tsatsa gare shi, ba na indararo ba, mai laka. Na jera tasoshi da kwallaye a tsakiyar gida inda ruwa ke faɗowa kai tsaye. Wannan kam malka ta ba ni har na ƙoshi. Na ɗauraya, na zubar, na ɗauraya, har na sa hanci ban ji komai ba. Ban murɗa shi ba, tsohon zare ba ya son murɗa. Tsakanin tafukan hannu na riƙa danna shi.

Sai jiran rana. Na matse lemun tsami na tace, na daka gishiri ya yi laushi, na zauna ina kallon sama. Da ta ɗan leƙo sai in ruga tudu in shimfiɗa, in shafa wa kowane zobe lemu, in barbaɗa gishiri. Kafin ya fara aiki hadari ya haɗo, in naɗe in rugo. Kuma ba a barin lemu ya kwana a zare, sai an ɗauraye. Ba a ajiye shi da laima, fumfuna za ta kama shi, baƙin ɗigonta kuwa ya fi tsatsa. Ba a kai shi kusa da murhu, hayaƙi zai rina shi. A zaure na ɗaura igiya inda iska ke ratsawa, ina juya shi. Zobban waje suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya. Na cikin suka tsaya.

Kullum da safe in na shiga gaishe ta sai ta ce, “Wa zai riga wani, ni ko ke?” In ce, “Inna, rana ta sani.” Sai wata safiya ba ta tambaya ba. Ta daina karɓar kunu. Mata suka fara shigowa suna zama shiru a bakin ƙofa. Da na je zaure ɗauko farin, na ga wani ƙunshi a bayan randa, takardar kanti ta ɗan buɗe, sabon alawayyo a ciki. Alhaji Garba, babban ɗan Hajiya, yana zaune a wurin. Ya ga na gani.

“Kulu, ba don na raina aikinki ba,” ya ce.

Na ce, “Da ni ce kai, da na saya. Matsa in wuce.”

Ranar ce sama ta buɗe. Rana irin ta bayan ruwa, mai cizo, wadda ke sa ƙasa tururi. Na shimfiɗa shi a tudu, na shafa lemu, na barbaɗa gishiri, na tsaya a kansa da ƙwarya. Ya fara bushewa in yayyafa. Ina kallon jan yana komawa ruwan ƙasa, ruwan ƙasa yana komawa ruwan hoda, yana ɓacewa. Idona na kan zare, kunnena na bayan katanga. Jaki ya yi kuka na ɗauka daga gidan ne. Wata ta kira ɗanta da ƙarfi, na riga na kama gefe zan naɗe. Ban sha ruwa ba, ban zauna ba.

Bayan azahar na ji gudu. Ma'u ce, ba mayafi. Na durƙusa na fara ninkewa.

“Tsaya, tsaya!” ta ce tana haki. “Ta farka. Ta sha kunu. Ta ce a tambaye ki wai ko kin gama, ke ake jira.”

Na ce, “Ce mata ta ƙara haƙuri, ba a gaggawa da fari.”

Kafin la'asar duk zobban sun tafi sai ɗaya, wanda ke kusa da inda na yanke. Ya koɗe ya zama kamar inuwa, amma yana nan, zagaye cif. Na kankare shi da farce a hankali, na ji zaren ya fara sirancewa. Lemu ma ci yake, a hankali ne kawai. Na ɗauraye, na wuce da shi ta ruwan toka mai rauni, na sake ɗaurayewa, na ba shi bula kaɗan, na bar shi ya bushe sarai. Ƙamshin rana na tashi daga jikinsa na kai mata.

An jingina ta da filo. Ta bi shi da tafin hannu tun daga farko, kamar mai neman ƙaya, har ta iso wurin.

Na ce, “Inna, wanga ya gagare ni yau. In kin ba ni wata rana guda yana iya fita. Yana kuma iya hujewa. Rarar da ta rage ba ta kai a sake yanka ba.”

A raina na fi son ta ce in gwada. Ban taɓa mayar da kaya da tabo ba, Gwaggo Tumba ma ba ta taɓa ba.

Ta ɗora yatsa ta bi zoben. “Nan ruwan ya bi?”

“Nan ya bi.”

“To bar shi. Kin wanke sauran da ruwan saman Argungu, na gode. Wanga na Makka ne. In an zo naɗewa, a sa shi nan.” Ta dafa ƙirjinta. Ta dubi Ma'u. “Kin ji amsar tambayarki.”

Ba ta rasu a wannan damina ba. Ta tashi, har ta koma kaɗi a bakin ƙofa. Alawayyon Alhaji Garba da wata maƙwabciya ya tafi, wadda ba ta ko yi jinya ba. Na hana a mayar da farin akwatin ƙarfe. Sabuwar tukunyar ƙasa na sa aka saya, muka naɗe shi a tsohon zane mai tsabta muka rufe. Duk rani nakan je in fito da shi ya sha iska in mayar.

Da na koma Birnin Kebbi na tarar wasu sun kai kayansu tasha. Bayan an jima riguna suka fara yagewa a kafaɗa da wuya, waɗansu suka dawo suna sunkuyar da kai, waɗansu ba su dawo ba har yau. Sana'ar ba ta koma yadda take ba. Ni ma na riƙa amfani da kwalbar, ba zan ɓoye muku ba: zanen gado, labule, kayan mai jinya. Murfi ɗaya a bokiti, a ɗauraye har wari ya tafi. Ba na sa ta a saƙar hannu, ba na sa ta a aikin wuyan riga, ba na kai ta kusa da tsatsa. Ba kwalbar ce ba ta da hankali ba.

Sanda Hajiya Ige ta cika, da rani ne, aka aiko na je. Ina cikin waɗanda suka yi mata sutura. Muka buɗe tukunya, muka yanka kamar yadda ta lissafa tana kwance a tabarma, ya isa, da rarar tafin hannu. Wata matar jikanta, baƙuwa a gidan, tana riƙe da gefe ɗaya, sai ta hango zoben.

“Kai, akwai datti a nan,” ta ce. “Wace ce ta wanke wannan? A juya shi ƙasa kada a gani.”

Na ce, “Ni na wanke. Miƙo nan.”

Ta miƙo. Na daidaita shi a kan ƙirjin, Ma'u ta riƙe, muka naɗe.